Akwai Mutum a Kujera

A da, kafin masu shagunan ƙasa su gama ɗaga ƙofofinsu, za ka ji takunta a kan matakala. Ba ta sauri, don gwiwar hagu ta daɗe tana yi mata gardama, amma duk wanda ya riga ta isowa ya san shi ne ya yi sammako, ba ita ce ta makara ba. Takan buɗe ɗakin karatu, ta tura tagogi, ta kunna fankar nan mai gurnani, sannan ta nufi teburin da ke kusurwa. Ta yaye ƙyallen da ta lulluɓe kwamfuta da shi, ta ninke, ta danna maɓalli. Kwamfutar tsohuwa ce, ba ta farkawa da wuri, don haka sai ta bar ta tana miƙa, ita kuma ta jona butar shayi. Kafin ruwa ya tafasa, benci ya fara cika.

Ɗakin karatun na ƙungiyar unguwa ne, a saman bene, bisa shagon tela da na mai gyaran waya. Akwai littattafai da jaridu, amma abin da ke hawo da mutane matakalar nan a lokacin kwamfuta ce, guda ɗaya tilo, da kujera ɗaya a gabanta, da dogon benci a jikin bango. Mai neman aiki nan yake zuwa, mai son aika takarda nan, ɗalibin da wayarsa ta yi masa ƙanƙanta nan. Matar da ke tsaron wannan kujera shekara da shekaru ita nake son yi wa jinjina yau, tun tana da rai tana ji da kunnenta. Kowa a unguwa Uwar Makulli yake ce mata. Ba don yabo aka laƙaba mata sunan ba, zagi ne, ita kuwa ta karɓe shi hannu biyu.

Ni ganau ne, ba jiyau ba, don na goge wandona a bencin nan fiye da yadda zan iya tunawa. Lokacin da aka kawo kwamfutar, aikin Uwar Makulli jera littattafai ne kawai, ba ta ma san inda ake kunna ta ba. Kwamfutar a buɗe take wayam, kowa ya ɗora abin da ransa ke so. Wanda ya riga zama ya zama sarki: fim, wasan gem, ƙwallo, hira da abokai, har a tashi. Ranar da abin ya tsaya mata a rai, wani dattijon direba ne ya zo da takardu a cikin leda, yana son a aika masa su wurin da ya daina aiki. Ya zauna a benci tun hantsi, yana kallon ƙeyar samari suna harbin juna a allo. Ya yi gyaran murya, babu wanda ya waiwayo. Da rana ta yi sanyi ya naɗe ledarsa, ya yi mata sallama cikin ladabi, ya sauka. Bai sake dawowa ba, kuma ta ce har yau tana ganin ledar nan.

Washegari ta sauka wurin mai gyaran waya ta ce ya koya mata. Ya yi dariya, ya ce, "Baba, me za ki yi da wannan wahalar?" Ta ce, "Kai dai koya mini, in na kasa ka ƙara dariyar." Ta sha wuya, ba a magana. Linzamin kwamfuta yana guje mata, tana danna hagu a wurin dama, ta goge abin da ba a ce ta goge ba, ya gyara, ta sake ɓatawa. Amma ta naƙalci abu ɗaya da take nema, wato yadda ake rufe manhaja a hana ta buɗuwa sai da izini. Ta yi wa kwamfutar ƙofa uku, kamar yadda take kiransu. Ƙofar ɗalibai, babu komai a ciki sai darasi da wurin rubutu. Ƙofar manya, akwai rubutu, da aika saƙo, da shafukan neman aiki. Ta uku tata ce, ita kaɗai ke iya ɗora sabon abu ko cire tsoho, kuma ita kaɗai ta san kalmar sirrinta. Wannan kalmar ita ce makullin.

Ranar da samari suka zo suka tarar gem ya ƙi buɗuwa, unguwa ta ɗauka. An ce muguwa ce, an ce ta mayar da kayan jama'a gadon gidansu. Sun gwada sunayen 'ya'yanta a wurin kalmar sirri, sun gwada na jikokinta, har sunan kyanwar gidanta sai da aka je aka binciko. Tana zaune tana kurɓar shayi tana kallonsu, in sun gaji ta ce, "Ku gwada sunan na bayanku a benci, ko Allah zai sa a dace." Mijinta, wanda ya ajiye tuƙin babbar mota ya koma zaman ƙofar gida, yakan ce da masu kai masa ƙara, "Ni kuka kawo wa? Ni da ko firij ɗin gidana sai na nemi izini?"

Waɗanda suka zage ta ba su fahimci ƙa'idarta ba, alhali ba ta da wuya. Ba ta rufe abu don tana ƙinsa. In aka zo mata da sabuwar manhaja, sai ta bar ta a buɗe tukuna, ta koma gefe ta zuba ido, ba a kan allo ba, a kan benci. In mutum ya gama abin da ya kawo shi ya tashi, manhajar ta tsira. In ya gama amma ya kasa tashi, na benci suna ta gyara zama suna duban agogo, to ta shiga ƙofarta ta ja sakata. Ta sha faɗa cewa, "Kujera ɗaya ce. Duk abin da ba ya sakin mutum, ni zan sakar masa shi."

Kada kuma wani ya ɗauka ba ta buɗewa. Baba Tela na ƙasa shaida ne. Ranar da kekensa ya riƙa tsinka zare, ita ta buɗe masa bidiyon gyara, ta zauna kusa da shi suna maimaitawa har ya gane, sannan ta mayar ta rufe. 'Yarsa tana aure a nesa, kuma duk ƙarshen mako Uwar Makulli takan buɗe masa manhajar kira, ta ja labulen da ta sa shi ya ɗinka don kewaye teburin, ta fita baranda ta tsaya, don kada ta ji abin da uba ke faɗa wa 'yarsa. Wata rana ya fito idanunsa jajur. Ba ta tambaye shi komai ba, sai ta ce fankar nan ce ke watsa ƙura, ta miƙa masa shayi.

Uwar Makulli, ke ce garkuwar mai jin nauyin magana. Ke ce bakin wanda ba ya iya cewa "tashi, ni ma ina da buƙata." Mu da muke da baki mun iya ƙwatar wa kanmu kujera. Ke kin tsaya ne saboda masu leda a hannu.

To, ba samari ne suka gwada ta ba. Gwajinta daga cikin gida ya fito. Ƙungiya ta yi zaɓe, ƙaninta ya zama shugaba. Auta ne a ɗakinsu, ita ta goya shi, ita ta riƙa kai shi makaranta tana share masa majina da bakin zane. Kuma kada a yi masa ƙarya, ba mugu ba ne. Mutum ne mai zafin nama, yana son ɗakin ya girma. Ya yi ta rubuce-rubuce da bin ofisoshi har ya samo wasu masu ba da tallafi da suka ce za su zo su ga wurin, in sun gamsu su kawo sababbin kwamfutoci. Abin da ya sani game da irin waɗannan baƙi shi ne, kawuna suke dubawa. Ɗaki cike da matasa, allo yana walƙiya, a ɗauki hoto, shi ke nan magana ta ƙare. Sai ya yanke shawarar ranar ziyara a buɗe komai, a ɗora gem mai kyau, a tara samari su kewaye teburin.

A nan aka yi karo, domin ranar da baƙi suka sa, a daidai hantsin da suka sa, kujerar tana da mai ita. Maman 'Yan Biyu ce, wata mai shara da goge-goge a asibiti, wadda ta yi wata da watanni tana hawowa bayan ta tashi daga aiki, hannuwanta suna warin sabulun wanke daɓe, tana karatun neman shaidar aikin ɗakin gwaje-gwaje. Jarrabawar ta intanet ake yi, sau ɗaya a shekara, kuma manhajar jarrabawar ba ta san wasa ba. In wata manhaja ta buɗu a gefe, ko wani ya gifta a bayan mai rubutu, sai ta rufe kanta ta ce an yi satar amsa. Matar ba ta da kwamfuta, ba ta da wani wurin zuwa, kuma tun da aka fitar da ranar Uwar Makulli ta ce mata, "Kujera taki ce, je ki yi karatunki."

Auta ya hawo da fara'arsa ya zayyana wa yayarsa shirinsa. Ta saurare shi har ya dire, sannan ta gaya masa zancen jarrabawa. Ta ce ya roƙi baƙin su zo da rana. Ya ce manyan mutane ba a juya musu lokaci, ita matar ta nemi wani wuri.

"Wane wuri, Auta? Faɗa mini in raka ta."

"Yaya, mutum ɗaya fa kike magana a kai. Ni unguwa guda nake nema wa."

"Na sani, kuma Allah ya ba ka sa'a. Amma ita na riga na yi wa alkawari."

"To ba ni makullin, in ya so ki ce ni na yi."

"Ba zan bayar ba."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. Ya ce a matsayinsa na shugaba yake magana. Ta ce ta ji, ranka ya daɗe, amsar dai ita ce ta ɗazu.

Da ya ga ta nan ba ta ɓulle ba, sai ya bi ta inda ya san tana da rauni, ya kai ƙara wurin mahaifiyarsu. Tsohuwa ta aika aka kira ta. Ta same ta a kan tabarma tana tsince wake a faranti, Auta yana zaune gefe ya sunkuyar da kai kamar wanda aka zalunta. Tsohuwa ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama haka kike, in kin riƙe abu sai an ɓamɓare yatsunki. Ɗan'uwa rabin jiki ne. Ba shi abin nan mana, ki rufa masa asiri a gaban baƙi." Wannan magana ta dake ta, don a rayuwarta ba ta saba mayar wa tsohuwa magana ba. Ta durƙusa, ta jawo farantin ta kama tsincewa, sai can ta ce, "Inna, da nawa ne, wallahi da tun a hanya na ba shi. Na wata baiwar Allah ne, aro ta ba ni zuwa gobe." Tsohuwa ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce su tashi su ba ta wuri, halinsu ɗaya ne wajen taurin kai.

Ranar ta zo. Auta bai fasa ba, don a zatonsa in ta ga baƙi ido da ido za ta ji kunya ta sakko. Ya tara samari a ƙasa, kowa ya ci ado. Ita kuwa ta zo kamar kullum, ta yaye ƙyalle, ta jona buta. Ta shiga ƙofarta ta rufe komai da komai, ta bar manhajar jarrabawa ita kaɗai. Maman 'Yan Biyu ta iso, ta riga ta ji labarin abin da ake ciki, ta ce, "Baba, ko in haƙura sai baɗi? Kada in ja miki." Uwar Makulli ta kama kafaɗarta ta zaunar da ita, ta ce, "Ke aikinki amsa tambaya, ni nawa tsaron ƙofa. Kowa ya yi nasa." Ta ja labule. Sannan ta jawo bencin nan da kanta, da gwiwarta da komai, ta gindaya shi a bakin ƙofar ɗakin, ta zauna a tsakiya.

Ina baranda lokacin da suka hawo. Auta a gaba, baƙi a bayansa, shugabarsu wata mace mai tabarau riƙe da jaka, sai mai ɗaukar hoto, sai samari sun cika matakala. Uwar Makulli ta miƙe ta gaishe su da girmamawa, ta yi musu sannu da hanya, amma ba ta matsa ba.

"Ku yi haƙuri," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai mutum a kujera."

Auta ya matso har numfashinsa yana taɓa kunnenta. "Yaya, don girman Allah kada ki tozarta ni. Hoto kawai za a ɗauka, yanzu a fita."

"In ta tashi, shekararta ta tashi."

"Yaya."

"Na ji ka, Auta. Ba zan matsa ba."

Mai tabarau ta tambayi abin da ke faruwa, Uwar Makulli ta yi mata bayani a taƙaice, ta ce in za su iya jira ta gama, ga shayi, kuma za ta nuna musu komai. Matar ta leƙa ta saman kafaɗarta. Abin da ta gani ɗaki ne shiru, babu kowa, sai fanka, da labule, da ƙarar madannai a bayansa. Ta dubi agogonta, ta ce suna da wani wurin zuwa. Suka juya. Auta ya bi su yana ba da haƙuri, gumi ya jiƙa masa wuyan riga, samari suna darewa suna ba su hanya. Uwar Makulli ta koma ta zauna.

Ba zan gyara labari don ya yi daɗin ji ba. Baƙin ba su dawo ba, kuma kwamfutocin wata unguwa aka kai. An yi asara, asara ta gaske, kuma ita ta fi kowa sanin haka. Har gobe akwai masu cewa ta sayar da unguwa saboda mai shara ɗaya. Na ji su, kuma ga amsata: wanda zai tayar da mace daga kan jarrabawarta don hoto ya yi kyau, ko ɗaki guda aka cika masa da kwamfutoci, wata rana zai sake samun dalilin tayar da wata. An ba baƙi zaɓi su jira, an ba shugaba zaɓi ya matsa da lokaci, duk suka ƙi. Wadda ba ta da zaɓi ita aka ce ta tashi. To ba ta tashi ba, kuma ni ban ga abin ba da haƙuri a nan ba.

Ga abin da masu zaginta ba sa son a faɗa. Da Maman 'Yan Biyu ta gama ta fito, Uwar Makulli ba ta jira an aiko ba. Ta sauka ofishin Auta da ƙafarta, ta faɗa masa kalmar sirrin a kunne, ta ce, "Ga makullinka. Na ƙungiya ne, ba nawa ba. Yau kaɗai na fi ka buƙatarsa." Bai ɗago ya dube ta ba. Kafin mako ya zagayo kwamiti ya zauna, aka ce ta nuna rashin ɗa'a, aka ɗauke ta daga ɗakin karatu aka mayar da ita sito, wani ɗaki a ƙarƙashin matakala inda ake jibge karyayyun kujeru da tsofaffin jaridu. Saura ƙiris ta yi ritaya aka yi mata wannan sakayya. Ta karɓi makullin sito, na ƙarfe wannan karon, ta share wurin tas, ta jona butarta. Abin da ya fi ci mata rai ba siton ba ne. Auta ya daina gaishe ta. In sun haɗu a gidan tsohuwa, sai ya tashi ya ce yana da uzuri.

A siton nan Maman 'Yan Biyu ta same ta bayan sakamako ya fito. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga inda aka ajiye ta, sai ta fashe da kuka tana cewa ita ta jawo. Uwar Makulli ta ce, "Tsaya tukuna. Kin ci ko ba ki ci ba?" Ta ce ta ci. "To kukan na mene ne? Kama mini ƙafar teburin nan mu matsar da shi." Yau matar tana ɗakin gwaje-gwaje da farar riga, 'yan biyunta suna makaranta, kuma in ka ce wani abu maras daɗi game da Uwar Makulli a gabanta, ka nemi wani asibitin.

A sama kuwa aka buɗe komai, ɗaki ya cika maƙil kamar yadda ake so. Sai dai fuskokin ba sa canzawa, su ne jiya, su ne yau. Baba Tela ya hau ranar kiran 'yarsa, ya tarar an yaye labule an yi shimfiɗa da shi, ana ihun ƙwallo. Ya tsaya, ya tsaya, ya sauko. Masu neman aiki suka daina hawa. Kowa ya ɗora abin da ya ga dama, tallace-tallace suka riƙa faɗowa a allo kamar ƙudaje, kwamfutar ta fara nishi, ta koma rarrafe, wata safiya aka danna ta ƙi tashi. Samarin suka watse kamar ba a taɓa yinsu ba.

Da hantsi ne, tana zaune a sito tana ɗaure tsofaffin jaridu, ta ji ana saukowa da nauyi. Auta ne, rungume da kwamfutar a ƙirji, waya tana jan ƙasa a bayansa. Bai aiko kowa ba, shi ya ɗauko. Ya ajiye ta a kan teburinta, ya tsaya yana kakkaɓe riga. Ta dubi kwamfutar, ta shafa ƙurar da ke kanta da tafin hannu, ta dube shi.

"Ka karya kuwa?"

"A'a, Yaya."

"Zauna ka sha shayi. Ka kira mini mai gyaran waya in za ka fita."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Bai ce ta yafe masa ba, ita ma ba ta nema ba. Ita da mai gyaran waya suka wanke kwamfutar tas, ta sake gina ƙofofinta uku, ta sa sabon makulli. Da aka ce ta koma sama, ta ce gwiwarta ta gaji da matakala, kuma dattawa ma sun gaji, a sauko da benci. Aka sauko da shi. Baba Tela ya wanke labulensa ya sake ratayawa. Tun daga ranar sito ya zama ɗakin kwamfuta, kuma masu leda a hannu suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

A watan nan ta ajiye aiki. Ba a yi mata walima ba, ba a ba ta allon yabo ba, takardar da aka rubuta mata ta rashin ɗa'a ma tana nan a fayil, babu wanda ya cire. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. In kwamiti ba shi da bakin godiya, mu 'yan benci muna da shi.

Ranar ƙarshe na je. An kawo wata matashiya da za ta gaje ta, mai ilimin kwamfuta sosai, ta zo da shirinta, ta ce, "Baba, faɗa mini waɗanda zan rufe." Uwar Makulli ta ce, "Rufewa ba ta da wuya, kin ma fi ni iyawa. Zauna nan tukuna ki kalli benci, shi zai gaya miki." Suna cikin haka sai ga Auta da takardu a hannu, yana sauri, akwai saƙon ƙungiya da yake son aikawa. A kujera kuwa wani ɗan dako ne, yana neman haruffa da yatsa ɗaya, yana rubuta wa ɗansa saƙo. Matashiyar ta ga shugaba, ta zabura za ta ce wa ɗan dakon ya ɗan tashi. Uwar Makulli ko kofin da ke hannunta ba ta ajiye ba. Auta ne ya ɗaga hannu.

"Bar shi," ya ce. "Akwai mutum a kujera."

Ya je ƙarshen benci ya zauna, bayan wata mata mai goyo, ya ɗora takardunsa a cinya. Yayarsa ta juya fuska wajen bango tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyara shi.

Mun gode, Uwar Makulli. Kin sha zagi a kanmu, kin rasa ɗakinki, kin kusa rasa ɗan'uwanki, ba ki taɓa zuwa kin ce mu biya ki ba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwar nan, ya ba maigida haƙurin zama da ke yini guda. Ku kuma da aka damƙa wa makullin wani abu na jama'a, ko kwamfuta ce, ko famfo, ko ƙofar ofis, za a zo muku da manyan baƙi da kyawawan dalilai, wani lokaci da bakin wanda kuka goya. Kafin ku buɗe, ku waiwaya ku dubi benci, ku ga wanda ya fi kowa daɗewa a zaune bai ce komai ba. Saboda shi aka ba ku makullin.